Ɗakin gilashi a jikin falo, zai yi a Kano?

Maman Ummi: Assalamu alaikum. Ina son a ƙara min ɗan ɗakin gilashi jikin falona a Hotoro, in jera tukwanen fulawa da na'ana'a, maigida ya riƙa shan shayi a ciki. Zai yiwu da zafin garin nan?

Baban Halifa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kada ki yarda a yi rufin da gilashi. A watan Afrilu zafi na haura digiri 40, tanderu zai koma. A sa kwano da silin, gilashin a bango kawai, ya kalli arewa. Gabas ruwan damina ke duka, yamma kuma ranar la'asar.

Anti Hotoro: Tagogin su zama masu buɗewa, da raga saboda sauro. Nawa ɗakin, da hunturu kullum sai an goge ƙura.

Injiniya: Kafin a haƙa tushe, a kai zanen ginin hukumar tsara birane ta jihar Kano (KNUPDA) su amince.