Neman shawara: agogon mahaifina ya dawo hannuna, in sabunta shi ko in bar shi yadda yake?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar agogo ku taimaka min. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar agogon hannu, kuma ni ya faɗo wa. Omega ne, an rubuta Seamaster a fuskarsa, da 'yar tagar kwanan wata wajen ƙarfe uku. Ba ya cin batir. Ya fi shekara 15 a cikin akwati, amma da na ɗauko shi na ɗan girgiza sai ga hannun daƙiƙa ya fara tafiya. Wallahi sai da na yi ƙwalla, domin tun ina yaro nake ganinsa a hannun Baba.

Gilashin ya karce, fuskar da take fara ta ja rawaya da ɗigo-ɗigo, kuma a kwana ɗaya yana yin gaba da kusan minti huɗu. Wani mai gyara ya ce zai wanke injin, ya goge jikin har ya yi ƙyalli, ya sake wa fuskar fenti. Na ce zan yi tunani. Ɗaurawa nake so in riƙa yi, ba sayarwa ba, sai dai ƙannena suna tambayar darajarsa, ina so in ba su amsa ta gaskiya. Ta ina zan fara?

Wani dattijo mai gyaran agogo:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya gafarta wa mahaifinka. Da farko cire shi daga hannunka, ka daina girgiza shi. Tafiyar da ya yi ba shaidar lafiya ba ce. A cikin injin akwai ƙananan duwatsu jajaye da bakin ƙananan ƙafafun injin masu haƙora ke juyawa a kansu, kowanne da ɗigon mai wanda ido ba ya ko gani sosai. Bayan shekara 15 man nan ya bushe ko ya daskare, ƙura ta shiga, yanzu ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Duk awar da ya yi yana tafiya a haka, ɓarna ce.

Gudun da ka ce yana yi, yawanci daga siririn sifirin nan ne mai kama da gashi, wanda ke daidaita bugun agogo. In ya kama maganaɗisu, ko tsohon mai ya manne zagayensa, sai ya zama kamar an gajarta shi, agogon ya yi ta sauri. Gyaransa ba wuya.

Sabis na gaskiya shi ne a warware injin gaba ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, a wanke, a duba abin da ya cinye, a sauya babban sifirin da robobin da ke tare ruwa, a sa mai iri-iri kowanne a gurbinsa, a haɗa, sannan a ɗora shi kan na'urar auna bugu a juya shi ta fuskoki daban-daban, a riƙe shi kwanaki ana lura. Wanda ya ce maka ka jira ka karɓa yau, to tsoma shi kawai zai yi ya ɗiga mai. Bayan haka, duk shekara biyar ko kusa da haka a sake dubawa.

Amma batun fenti da gogewa, ina roƙonka kada ka yarda. Gogewar inji cin ƙarfe take yi, kusurwoyin jikin su dakushe, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Gilashin kuwa na agogunan wancan zamanin galibi roba ce mai tauri, ana goge karcensa da hannu ya fita tas, in ya tsage a sa wani.

Wata 'yar uwa:
Yaya, ka ji maganar Baba mai gyaran agogo. Ni abin ya faru da ni. Na ba da agogon kakana ban ce komai ba, sai kawai "a gyara". Ya dawo da sabuwar fuska da sababbin hannuwa, tsofaffin kuma an zubar. Yana aiki lafiya, amma in na kalle shi ba na ganin kakana a ciki. Ka rubuta abin da ka yarda da wanda ba ka yarda ba a takarda, ka ɗauki hotonsa ta ko'ina kafin ka miƙa, ka ce duk abin da aka cire a dawo maka da shi.

Wani mai tara tsofaffin agogo:
Ni bari in taɓo daraja. Omega ta fara fitar da Seamaster a 1948, kuma ta yi su da yawa ƙwarai, iri daban-daban, saboda haka sunan kaɗai ba ya gaya maka komai. Lambobi uku kake bukata, duka a ciki suke: lambar samfuri a cikin murfin baya, lambar nau'in inji, da doguwar lambar da aka zana a jikin injin, wadda da ita ake kintatar shekarar da aka ƙera shi. Kada ka sa wuƙa ka ɓalle murfin da kanka, mai gyara ya buɗe ka ɗauki hoto.

In launin zinari ne, a duba hatimi. 750 na nufin karat 18, 585 karat 14, 375 karat 9. In babu, mai yiwuwa rufi ne kawai a kan wani ƙarfe.

Da ka sami lambobin, nemi irinsa sak da aka riga aka sayar a gwanjo ko a intanet. Kuɗin da aka biya za ka duba, ba wanda mai kaya ya yanka ba, domin kowa na iya rubuta abin da ya ga dama. Kuma ka shirya zuciyar ƙannenka. Mutane sukan ji cewa an sayar da agogon Rolex Daytona na Paul Newman, shahararren ɗan wasan fim, kan dala miliyan 17.8 a gwanjon kamfanin Phillips a Amurka a 2017, sai su ɗauka kowane tsohon agogo taska ne. Wancan sunan mai shi da ƙarancin irinsa aka saya. Naka agogo ne mai kyau mai mutunci, amma kada ka yi mamaki in kuɗin sabis ya ci kaso mai tsoka na darajarsa. Abu ɗaya tabbas: fuskar asali da ta tsufa da kanta ta fi wadda aka sake wa fenti kuɗi nesa ba kusa ba. Kwalinsa ko takardar sayensa in suna nan, su ma suna ƙara masa.

Wani ɗan uwa:
Ni ina da ɗan bambancin ra'ayi. Mutumin nan ya ce ba sayarwa zai yi ba, to me ya sa za mu ɗaure shi da ƙa'idar 'yan kasuwa? In fuskar ta lalace har ba a karanta lokaci, ko tsatsa na cinta, gara a nemo wata ta asali irinta a sa, a adana tsohuwar. Agogon da aka bari a akwati don tsoron taɓawa bai amfani kowa ba.

Dattijo mai gyaran agogo:
Gaskiyarka, in ruwa ya ci fuska har fenti na ɓarɓashi yana faɗawa cikin inji, dole a yi wani abu. Amma rawaya da ɗigo-ɗigo ba cuta ba ce, shekaru ne. Kuma ga wani dalili na barin ta: sinadarin da ke sa hannuwa haske da dare. Tsofaffi na kafin shekarun 1960 da radiyam aka yi su, wani sinadari mai fitar da haskoki masu cutarwa, wanda sai ya yi shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, ko da hasken ya mutu tuni. Yana rufe babu babbar damuwa, ƙurarsa ce ba a so a shaƙa. Daga baya aka koma tiritiyam, shi rabinsa ke tafiya cikin shekara 12 da 'yan kai. Ɗana, duba ƙasan ƙarfe shida ka gaya mana abin da aka rubuta.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, an rubuta SWISS MADE da harafin T a kowane gefe. Na kuma sami wani mai gyara da ya buɗe a gabana. Injin launin jan ƙarfe ne, babu tsatsa, an rubuta 565, doguwar lambar kuma ta fara da 24, lambobi takwas. Jikin farin ƙarfe ne. Ya yarda ba zai taɓa fuskar ba. Saura tambaya ɗaya: akwai haruffan sunan mahaifina a murfin baya, ya ce suna rage kuɗinsa, in ina so zai shafe.

Dattijo mai gyaran agogo:
Alhamdu lillahi. T ɗin nan tiritiyam ne, hankalinka ya kwanta. Lambar ta nuna wajen 1966, kuma 565 na cikin injunan kirki da kamfanin ya yi: duwatsu 24, bugu 19,800 a awa, yana ɗaure kansa da motsin hannunka. Haruffan kuwa ka bar su. Gaskiya ne baƙo zai ɗan rage tayi saboda su, amma shafewar ma cin murfin za ta yi, ta rage kuɗin ta wata hanya, kai kuma ka rasa sunan.

In ya dawo, kada ka sauya kwanan wata tsakanin tara na dare da uku na asuba, lokacin haƙoran sauyin suna haɗe, za ka iya karya su. Ko an sa sababbin robobi, kada ka yi wanka da shi, kuma ka nisanta shi da lasifika da murfin waya mai maganaɗisu. In ka ga raɓa a cikin gilashin, ranar za ka kai shi, kada ya kwana.