Wanda bai sayi tikiti ba, yana da bakin sukar fim?

Salifu: Assalamu alaikum jama'ar gida. Daren jiya a wurin mai shayi a Aboabo, nan Kumasi, na ji samari suna yi wa kashi na biyu na fim ɗin Dune kaca-kaca, wai ya yi tsawo, wai ba abin da ake gani sai rairayi. Na tambaye su inda suka kalla. Dukkansu a waya, an tura musu, allon bai fi tafin hannu ba. Fim ɗin da aka shirya don bangon silima! Raina ya ɓaci. Fina-finan almarar kimiyya kuɗi suke ci sosai, don duk jirgin da ka gani da duk duniyar da ka gani ƙera su aka yi. Ni maganata ɗaya ce: wanda bai cire sidinsa, kuɗinmu na Gana, ya sayi tikiti ba, ba shi da bakin suka.

Memuna: Wa alaikumus salam. Yaya Salifu, ban yarda ba. A 2019 kamfanin Paramount ya saki tallar fim ɗin Sonic, bushiyar nan ta wasan bidiyo, mutane suka ga an yi masa haƙora da ƙafafu irin na ɗan Adam, duniya ta ɗauka. A lokacin ba wanda ya biya ko pesuwa ɗaya, don fim ɗin ma bai fito ba. Kamfanin ya ɗage fitowarsa daga Nuwamba zuwa Fabrairun 2020, aka sake zanen, ya tara sama da dala miliyan 300. Da an ce musu su yi shiru sai sun biya, da wa ya yi asara?

Salifu: Ƙanwata, ai kin taya ni ne. Da aka gyara, sun je sun biya. Namu na Aboabo ko an gyara sau goma, jiran mai turawa za su yi.

Issaka: Ku duka kun ba surutun intanet girman da bai kai ba. Shekara nawa ana cewa Avatar na 2009 an manta da shi, wai ba mai iya faɗin sunan jaruminsa? Da James Cameron ya fito da na biyu a 2022, ya wuce dala biliyan 2. Masu cika silima ba su ne masu rubutu ba. Zakaran da Allah Ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.

Malam Alhassan: Issaka, akwai gaskiya a zancenka, kuma tana aiki ta ɗaya gefen ma. Blade Runner 2049 ya sha yabo a 2017, amma kujeru ba su cika yadda aka so ba, kamar yadda na farkonsa ya yi a 1982. Sai dai kada ka ce muryar masoya banza ce. A 1968 wasiƙun masu kallo ne suka taimaka tashar NBC ta bar shirin Star Trek ya ƙara shekara guda.

Amma Salifu, da kai nake. Dune ɗin nan da kake karewa, ka saurari kalmomin cikinsa? Mahdi, Lisanul Gaibi, mutanen hamada da rawani da jiran mai ceto. Frank Herbert ya fitar da littafin a 1965, kuma daga tarihin Musulmi ya ɗebo da yawa. A littafin kalmar jihadi tana nan ƙarara, a fim aka kauce mata, manyan jaruman kuma ba Larabawa ba ne. Ni na ji daɗin fim ɗin, ba zan ɓoye ba. Amma in an ɗauki kayan gidanmu an yi ado da su, sai na nuna tikiti kafin in ce uffan?

Salifu: Malam, wannan suka ce ta mai ilimi. Ba irinta nake nufi ba.

Abiba: To ka ga ma'auninka ya karye ke nan, Yaya. Ba kuɗi ne ke raba suka mai kyau da mummuna ba. Waɗanda suka dami 'yar wasa Kelly Marie Tran da zagi bayan Star Wars na 2017, har ta goge hotunanta na Instagram a 2018, cikin masu kiran kansu masoya na haƙiƙa suka fito. Haka John Boyega, ɗan Ingila da iyayensa 'yan Najeriya ne, tun daga tallar Star Wars aka fara cewa baƙar fata ba ya dace da kayan sojan nan farare. Tikiti bai koya musu ladabi ba. Abin ya taɓa ni sosai, don yarinyar aikinta kawai ta yi.

Baba Sule: Yarana, ku ba ni wuri. Ni na riƙe ɗakin bidiyo a Asawase wajen shekarun 1990. Talabijin ɗaya, benci, janareta, sai hoton fim da mai zane ya yi mana da fenti a kan buhun fulawa. Sau da yawa mai zanen bai ma kalli fim ɗin ba, labari ake ba shi, ya ƙara wa dodon kai biyu. Yara su biya 'yan kwabbansu su shiga, waɗanda ba su da shi su leƙa ta ramin langa-langa. Wallahi in an tashi, masu leƙen nan sun fi kowa gardama a kan yadda mutum-mutumin ƙarfe ya narke ya sake haɗewa. Ban taɓa korarsu ba. Wasu cikinsu su ne suka girma suka zama masu biya, har suna kawo ƙannensu.

Abin da ke ci mini rai daban ne. Kuna ta Amurka, Amurka. A nan Gana a 2010 wani bawan Allah da ake kira Ninja ya yi fim da harshen Tuwi mai suna 2016, halittun wata duniya sun kawo wa ƙasar nan hari. Da ɗan abin hannunsa da kwamfutarsa ya yi. Tallar ta zaga duniya a YouTube, kowa na dariya, mu ma muna taya su. Na sani aikin bai goge ba. To amma wa ya zauna ya ce masa nan ka yi daidai, nan ka gyara? Mutum nawa cikinmu suka sayi faifan a kasuwar Kejetia? Ni na saya. Da Black Panther ya zo a 2018, mutane suka yi ɗinkin kente suka cika silima a Ankara, babban birninmu. Na yi murna, amma na tuna da Ninja.

Issaka: Baba, da girmanka, ba za a tilasta wa mutum sayen abin da bai gamsar da shi ba don kawai na gida ne.

Baba Sule: Ban ce a tilasta ba, ɗana. Cewa na yi dariya ba suka ba ce. Sonic an gaya musu abin da za su gyara. Namu ba a gaya masa komai ba.

Memuna: Kuma a tuna, Yaya Salifu, yaron da ke tura baro a kasuwa, kuɗin tikiti da na mota zuwa silima abincinsa ne na kwanaki. Kana so ya zaɓi tsakanin wake da shinkafa da ikon magana?

Salifu: Na janye rabi. Malam da Abiba sun kama ni, mai leƙe ma yana da ido. Amma ban janye wannan ba: wanda yake da hali, yana sayen data kullum, bai taɓa biya wa fim ko sau ɗaya ba, sannan yana kukan ba a yin irin wanda yake so, da sakel a maganarsa. Baba, faifan nan yana nan har yanzu?

Baba Sule: Yana cikin akwati, in bai karce ba. Ku zo ranar Asabar bayan isha'i. Issaka, kai ne mai na'urar da ke karanta faifai, ka taho da ita.