Don Allah wa ya san tarihin Admiral Martini na Italiya?

Salam 'yan uwa, don Allah ku taimaka min na makale. Ina rubuta aikin makaranta kan yadda aka sauke shugaban kasa Bourguiba a Tunisiya ranar 7 ga Nuwamba 1987, lokacin da likitoci suka sa hannu cewa tsufa ya ci karfinsa Ben Ali ya hau, sai na ci karo da sunan wani hafsan sojan ruwa na Italiya, Admiral Fulvio Martini, shi ne shugaban hukumar leken asirin sojansu SISMI daga 1984 zuwa 1991. A 1999 ya fada wa kwamitin majalisarsu cewa da hannun Italiya a wannan canjin, har ya ambaci manyan 'yan siyasar Italiya Craxi da Andreotti.

To ga inda kaina ya kulle. Craxi ai ya sauka daga firaminista tun Afrilun 1987, a Nuwamba Goria ne ke kan kujera, Andreotti kuwa yana ministan harkokin waje. Kenan tun zamanin Craxi aka kulla abin aka ci gaba bayansa, ko yaya? Malamina ya ce ba zai karbi maganar mutum daya ba, dan leken asiri ma kuwa, sai na kawo wata shaida, kuma duk abin da nake samu da Italiyanci ne, Google Translate sai kwaba min yake.

Akwai mai jin Italiyanci ko Faransanci a nan da zai duba min bayanin nasa na gaban kwamitin? Sati biyu ya rage min wallahi.