Wai mai baƙin gashi za ta iya komawa ruwan ƙasa mai haske ba tare da bilicin ba?

Maman Tagwaye: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da magana, kuma na san za a yi min ca. Zancen nan da ake yaɗawa cewa mai baƙin gashi ba za ta samu ruwan ƙasa mai haske ba sai ta yi bilicin, tsoratarwa ce kawai. Makon jiya na haɗa rini mai lamba 5 da ruwan haɗi mai lamba 30, na shafa, na bar shi minti 40, na wanke. Ko ƙwayar hodar bilicin ban taɓa ba. Gashina ya fito ruwan ƙasa tas, bai karye ba, bai zube ba. To ina amfanin bilicin ɗin?

'Yar Auta: Yaya, don Allah da gaske kike? Ni fa abin da kika faɗa ɗin nan na yi, ban ƙara ba ban rage ba. Da na wanke, gindin gashin ya yi jajir kamar tsatsa, sauran kuwa yana nan baƙi ƙirin kamar ruwa na shafa masa. Kai ɗaya launi biyu. Sai da na yi makonni ina gudun madubi.

Anti Mai Salun: Ku tsaya, kafin gardama ta yi nisa. Tambaya ɗaya gare ku duka biyun: kafin wannan karon, akwai wadda ta taɓa rina gashinta baƙi?

Maman Tagwaye: Ni ko sau ɗaya, Anti. Tunda aka haife ni rini bai taɓa hawa kaina ba sai yanzu.

'Yar Auta: Ni na yi, sau biyu ma. Amma fa an kusa shekara, ai ya daɗe da fita.

Anti Mai Salun: Bai fita ba, ƙanwata, yana nan daram. Rini mai zama dindindin ba a saman gashi yake kwanciya ba. Shiga ciki yake yi yana ƙanana, ya haɗu da ruwan haɗi ya kumbura, ya kasa fitowa. Shi ya sa a sana'armu abin da ake fara koya wa yarinya shi ne: rini ba ya ɗaga rini. Rini mai haske yana iya cin launin da aka halicci gashi da shi, amma ba ya iya cin baƙin da kika zuba da hannunki. Wurin da ya yi miki ja, sabon gashi ne da ya tsiro bayan rinin farko. Gashi yana tsirowa kusan santimita 1 ko da ɗan ɗori a wata, kin ga a shekara kin samu kamar tsawon tafin hannu. Shi kaɗai ne ya amsa. Ga kuma ɗumin fatar kai da ke sa na kusa da ita ya fi saurin yin haske.

Maman Tagwaye: Alhamdu lillahi. Kun ji dai daga bakin mai sana'a. Ashe gaskiyata ce, matsalar Auta daban take.

Malamar Kimiyya: Hajiya, kada ki yi saurin guɗa. Ni abin da ban yarda da shi ba shi ne cewar da kika yi ba ki yi bilicin ba. Kin yi, ba ki sani ba ne. Farin ruwan nan da kika haɗa da rinin, haidurojin feroksaid ne. Mai lamba 10 yana da kashi 3 cikin 100, mai 20 kashi 6, mai 30 da kika yi amfani da shi kashi 9, mai 40 kashi 12. Shi ne dai ruwan da ake kwaɓa hodar bilicin da shi. Aikinsa ya farfasa melanin, wato ƙwayoyin launin da ke cikin gashi, sannan sabon launi ya zauna a gurbinsu. Babu wani rini a duniya da zai sa baƙin gashi ya yi haske ta hanyar ƙara masa launi. Dole sai an rage wanda ke ciki.

Maman Tagwaye: Malama, wannan kuma wasa da kalmomi ne. In duk ɗaya ne, me ya sa masu hoda gashinsu ke zama kamar auduga jiƙaƙƙiya, ana ja yana miƙewa yana tsinkewa, nawa kuma lafiya lau?

Anti Mai Salun: A nan kam ina bayan Maman Tagwaye, Malama ki yi haƙuri. A takarda dangi ne, amma a hannu ba ɗaya ba ne. Hodar tana ɗauke da sinadarin fasalfet wanda ke ƙara wa feroksaid ƙarfi sosai, tana iya ɗaga gashi mataki shida ko bakwai, kuma muddin tana da danshi tana ci gaba da ci. Rini da mai lamba 30 kuwa mataki biyu zuwa uku yake ɗagawa, ƙarfinsa ya ƙare. Wadda ta ga gashi ya narke a cikin kwanon wanki ba za ta ce duk ɗaya ne ba.

Amma Hajiya, ni ma ina da tawa tambayar. Kin ce ya fito ruwan ƙasa mai haske. A ɗaki kika duba ko a rana? Ma'aunin da ake bi daga 1 ne zuwa 10. Lamba 1 baƙi wuluk, 10 mafi haske. Ruwan ƙasa mai haske a yawancin kamfanoni shi ne 5. Wanda muke kira baƙin gashi galibi 2 ne ko 3. In kina 3, isa 5 ba wuya. In kina 2, da ƙyar za ki leƙa. Ki fita waje da madubi ki gaya mana gaskiya.

Maman Tagwaye: To na fita. Gaskiya a rana akwai ja-ja a ciki, musamman ta gaban goshi. Amma ni ya yi min kyau.

Uwargida: Mako ɗaya ne fa, 'yar uwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ki jira ya yi wanki shida ko bakwai. Ni ma haka na yi ta yabon nawa, kafin wata ya zagayo ya koma ruwan goro. Ba ruwan ƙasa ba, ruwan goro sak. Na sayi shamfu ɗin nan mai launin shunayya da ake ta talla wai yana kashe wannan launi, na ƙarar da kwalba guda, ko gezau. Tun daga nan na ce duk ƙarya ce, launin nan ba a yi shi don mai baƙin gashi ba.

Malamar Kimiyya: Uwargida, ba ƙarya ba ce, kwalbar da ba taki ba kika ɗauko. Melanin iri biyu ne. Akwai mai ba da baƙi da ruwan ƙasa, akwai mai ba da ja da ɗorawa. Feroksaid ya fi saurin cin na farkon, na biyun ya fi taurin kai. Saboda haka baƙin gashi in ana ɗaga shi, sai ya bi ta ja, ya bi ta ruwan goro, kafin ya kai ɗorawa. A mataki na 5 da 6, abin da ke kwance a ƙarƙashi ja ne mai ruwan goro. Sabon rini ya lulluɓe shi ne kawai. Da rinin ya fara koɗewa sai na ƙasan ya leƙo. Shunayya kishiyar ɗorawa ce, don masu gashi mai haske sosai aka yi ta. Kishiyar ruwan goro shuɗi ne. Shamfu mai shuɗi ya kamata ki nema, sau ɗaya a mako, ki bar shi 'yan mintuna.

Anti Mai Salun: Kuma tun wajen zaɓen rinin ake yin kuskuren. Ana kallon hoton matar da ke jikin kwali, ba a kallon lambar da ke bayan ɗigo. A kamfanoni da yawa 5.1 mai ruwan toka ne, yana da shuɗi-shuɗi a ciki, 5.3 kuma mai ruwan zinariya ne. Ki ɗora 5.3 a kan gashin da ƙasansa ja ne, ai kin ƙara wa Barno dawaki. Lambobin suna ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, a karanta sunan launin tare da lambar.

Uwargida: To ko da shuɗin ne, Anti, wahalar ta yi yawa. Kullum kana cikin gadin gashi kamar mai jinya.

Anti Mai Salun: Akwai ɗawainiya, ban musa ba. A rage yawan wanki, a guji ruwa mai zafi sosai, a nemi shamfu mai sauƙi marar sinadarin salfet. Rana tana koɗar da launi, ƙarfen miƙar da gashi ma haka, ruwan wurin ninƙaya mai sinadarin kulorin shi ma yana ɓarna. Ruwan da ke da ƙarfe a cikinsa kuma yana barin tsatsa-tsatsa a gashi. Amma babban abin da ke kashe gashi ba waɗannan ba ne. Shi ne duk bayan mako shida in gindi ya tsiro baƙi, sai mace ta sake shafe kan gaba ɗaya da mai lamba 30. Ƙarshen gashin ya sha feroksaid sau biyar, sau shida, ya zama kamar soso, yana shan launi da wuri yana zubar da shi da wuri. Sabon tsiro kaɗai ake taɓawa da mai ƙarfi. Sauran in ya koɗe, rini mai sauƙi wanda ba ya ɗagawa ake ɗora masa na 'yan mintuna.

Wadda kuma take sa rilaksa, wato maganin miƙar da gashi, ta ji da kyau: kada ta haɗa shi da rini mai ɗagawa rana ɗaya. Aƙalla mako biyu tsakani. Hoda kuwa a kan gashi mai rilaksa, ni ba na yi, ko an roƙe ni.

Maman Tagwaye: Nawa dai an rubuta babu amoniya a jikinsa, don haka hankalina kwance.

Malamar Kimiyya: Wari ne ya ragu, Hajiya. Sun maye gurbinta da wani sinadarin, etanolamin, mai yin aiki iri ɗaya na buɗe ɓawon gashi. Kuma abin da ke kumbura wa mutane fuska ba amoniya ba ce, wani sinadarin rini ne mai suna PPD da danginsa, wanda ke cikin yawancin rini mai zama. Shi ya sa takardar da ke cikin kwali ke cewa a gwada ɗan kaɗan a bayan kunne ko lanƙwasar hannu, a jira awa 48. Jiki na iya ƙin sa rana ɗaya ko da an shekara goma ana shafawa lafiya.

'Yar Auta: Duk kun manta da ni. Ni da ke da kai biyu yaya zan yi?

Anti Mai Salun: Kada ki ƙara zuba masa mai haske, gindin ne zai ƙara ja, baƙin ko a jikinsa. Akwai maganin cire rini, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ke ƙanƙantar da ƙwayoyin rinin su fita da wanki. Sai an ɗauraye sosai, in ba haka ba baƙin ya dawo. Abin da zai bari ja ne ko ruwan goro, sai a ɗora mai ruwan toka a kai. In baƙin ya ƙi, a nan ne hoda ke shigowa, a hankali, zama biyu ko uku, kuma ba da hannunki ba. Kafin komai, ki tara gashin da ke maƙalewa a mataji, ki ɗaure shi da zare, ki gwada a kansa ki gani.

Maman Tagwaye: To ni dai maganata tana nan. Wadda ba ta taɓa rini ba za ta samu ba tare da hoda ba.

Malamar Kimiyya: Da kin ce "hoda" tun farko, da ban tanka ba. "Bilicin" kika ce.

Uwargida: Ni ba ruwana da sunansa. Nan da mako uku ki turo mana hoto, a tsakiyar rana, kuma kada ki shafa masa mai kafin ki ɗauka.

Maman Tagwaye: Zan turo. Anti, shamfu mai shuɗin nan, tun yanzu zan fara ko sai jan ya ƙara fitowa?

Anti Mai Salun: Ki bari sai wanki na uku ko na huɗu. Kuma ki sa safar hannu, yana rina farce.