Tattaki daga Gezawa zuwa Haɗeja ga wanda ya haura shekara 60: me za a shirya?

Ɗan Gezawa: Assalamu alaikum. Baffana ne, shekararsa 63, ya daɗe da burin taka sayyada zuwa Haɗeja ta Ringim da Gujungu. Yana da ɗan hawan jini. Waɗanda suka taɓa doguwar tafiyar ƙasa, a taimaka da shawara.

Tsohon Hedimasta, Ringim: Wa'alaikumus salam, ɗana. Lokaci tukuna. Ya bari sai an gama kaka, Nuwamba zuwa Janairu. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, da damina kuma bakin kogin Haɗeja ba ya da tabbas, kowa ya ga ambaliyar 2022. Atisaye ya ɗauki wata 3: kilomita 3 a kullum, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan duk mako, har ya iya 15 kwana biyu a jere da jakarsa a baya. Kwana na biyun shi ne gwajin, don da safiyarsa gwiwa ke faɗin gaskiya.

Mafarauci, Taura: Allah ya gafarta Malam, haka ne. Amma abin da ke mayar da mutum gida a mota ƙafa ce. Kada ya kuskura ya sa sabon takalmi. Ya sayi kambas mai ɗan yalwa, don ƙafa tana kumbura da yamma, ya yi wata guda yana yawo da shi. Safa ƙafa 3, ana canzawa da azahar. Bororo daga gumi da guga yake zuwa: da ya ji wuri ya fara zafi, ya tsaya nan take ya manna filasta, kada ya ce sai an isa gari. In ya yi alwala ya bar tsakanin yatsu ya bushe sarai kafin ya mayar da safa. Man kaɗanya a diddige da dare saboda faso. A yanke farce tun ana saura mako.

Ɗan Gezawa: Yaya, shi fa ya ce takalmin taya ya saba da shi.

Mafarauci, Taura: Na zuwa gona ne wannan. Ƙarangiya da tsakuwa za su ba shi amsa. Ya riƙe shi dai na sawa a masauki.

Ma'aikaciyar Jinya, Gaya: A gwada jininsa da suga kafin ya fara atisayen ma, kuma maganinsa ya wuce adadin kwanakin tafiya. Ruwa lita 3 zuwa 4 a yini, kurɓi-kurɓi, ba sai ƙishi ya zo ba, don tsofaffi ba sa jin ƙishi da wuri, balle da sanyi. Fitsari ya yi ja, ruwa ya yi kaɗan. In gudawa ta kama shi: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Roƙona ɗaya, Baba ya guji dirka diclofenac don ciwon gwiwa. A jikin da ruwa ya yi ƙaranci ƙoda yake taɓawa, ga kuma hawan jini. Ciwon ƙirji, jiri ko haki mai yawa, tafiya ta ƙare a nan.

Tsohon Hedimasta, Ringim: Kaya kada su wuce kilo 6 ko 7 har da ruwa, lita ɗaya ma kilo ɗaya ce. Dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, bargo, tocila, sanda. Fura a saya a hanya. Ya tashi bayan asuba, ya yada zango da hantsi, ya ɗan ƙara bayan la'asar, ya bi gefen hagu yana fuskantar motoci, don hazo kan ɓoye mai tafiya.

Direba, Kafin Hausa: Kuma kada magariba ta same shi a daji. Duk garin da zai kwana ya fara gaida mai unguwa ko dagaci, katin ɗan ƙasa a aljihu, kafin 'yan sintiri su fara tambaya. Kai kuma ɗan'uwa, ku haɗa shi da yaro ɗaya mai waya da caji.