Ana neman kalma kafin Alhamis: wuraren da aka sake shiryawa a fim ɗin tarihi

Ummu Sadiƙ: Salamu alaikum jama'a. Yaranmu na nan Jidda sun haɗa gajeren fim kan kakanninmu da suka zo aikin Hajji da ƙafa, daga Kano su bi ta Borno da Chadi, su ratsa Darfur har Sawakin, tashar jirgin ruwa a Sudan, sannan su hau jirgin ruwa. Ni aka ba rubutun Hausa da zai fito a ƙasan hoto, kuma daren Alhamis za a nuna. Matsalar ita ce akwai wurare da ba hoton da ba ne, yara ne aka sa wa tsofaffin kaya aka ɗauke su a bayan gari. A Larabci sun rubuta "i'adatu tamsil". Da Hausa fa? Ba na so tsoho ya kalla ya ce ga ayarin babansa.

Ɗan Sabil: Kwaikwayo mana, Anti.

Malamin Nahawu: A'a. Da an ce kwaikwayo hankali zai tafi wasan kwaikwayo, sai a ɗauka duk fim ɗin ƙirƙira ne. Ni na daɗe da tawa: tishi. Tisa, tishi, tishin tarihi. Gajera ce, tamu ce, ba aro.

Hajiya Babba: Malam, ni tishi na sani a gari, in bai yi laushi ba a mayar inji. Sai kuma tishin karatu. A sa tamsili kawai, duk wanda aka haifa a Makka ya san ta.

Malamin Nahawu: Abin da ke kashe mu ke nan, Hajiya. Ku 'yan nan ba kwa gama jimla sai kun jefa "ya'ani" da "khalas". Ko fim ɗin da kuke ta faɗa, majigi ya kamata a ce.

Ɗan Maiwurno: Majigin ma daga Turanci take, Malam, tsufa kawai ta yi a bakinmu. Kuma a daina yi mana gorin Hausa. Mutanenmu sun baro gida bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawa a 1903, sama da shekara 120 ke nan, har yau da Hausa muke kiran 'ya'yanmu a bakin kogin Nilu a Sudan. Ku da kuka zo jiya da jirgin sama, rabin zancenku Turanci ne.

Bakano: Tunda an taɓo mu bari in tofa. Kafin ku wahala da kalma, shi kansa fim ɗin ba wankiya ba ne? Na ga irinsa a wata tasha, hanya ɗaya, tsofaffi suna ba da labari, har raƙuman.

Ummu Sadiƙ: Subhanallah. Kakata ce a ciki tana magana da bakinta!

Ɗan Maiwurno: Yaya Bakano, a bambance. Haƙƙin mallaka ba ya hawa kan tunani, yana hawa ne kan yadda aka fitar da shi: hoton da wani ya ɗauka, muryar da ya naɗa, rubutun da ya tsara. Hanyar Sawakin ba ta kowa ba ce, mutum ɗari na iya yin fim a kanta. In sun yanko minti biyu daga na tashar can suka liƙa ba izini, wannan ita ce satar fasaha, kuma Saudiyya ta shiga yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka tun 2004, ba wasa ba ne. Ni abin da zan tambaya ma tsofaffin hotunan Makka da suka sa. Da yawa daga waɗanda aka buga a Holan a 1889 wani likita ɗan Makka ne ya ɗauka, Abdulgaffar, amma sunan Baturen da ya buga su, Snouck Hurgronje, ya fi yawo. Ko wa'adin haƙƙin ya ƙare, a rubuta sunan mai hoto.

Ummu Sadiƙ: Wannan na karɓa, zan gaya wa yaran yau. Amma har yanzu ba ni da kalma.

Malamin Nahawu: Tishin tarihi.

Hajiya Babba: Ikon Allah, Malam bai gaji ba.

Ɗan Sabil: To kwatanci fa? Kamar yadda ake cewa "kwatanta mini yadda aka yi". Ba a ce ƙarya ba ne, ba a kuma ce shi ne ainihin ba.

Bakano: A Kano in ka ce kwatance, hanyar gida za a nuna maka.

Ɗan Maiwurno: Shi ya sa ba za a bar ta ita kaɗai ba. A rubuta: "Kwatancin abin da ya faru ne, ba hoton lokacin ba." Duk inda yaran suka fito a maimaita.

Malamin Nahawu: Wannan ai jimla ce, ba kalma ba. An nemi suna kun kawo bayani.

Ummu Sadiƙ: Malam, a yi haƙuri, Alhamis jibi ce. Jimlar zan sa a karon farko, sauran wuraren in rubuta "kwatanci" kawai don layin ya ɗauka. Hajiya, tamsili na nan a layin Larabci, ba a taɓa ta ba.

Malamin Nahawu: Ku sa. Amma in za a kai shi Najeriya a dawo a sake zama, ban janye tishi ba.

Bakano: Shi kuma "wasa'iƙi" da ke jikin fostar, sunan irin wannan fim na gaskiya a Larabci, wa ya fassara shi?

Ummu Sadiƙ: An riga an buga fosta, Yaya.