Wai daga "kaya" Bature ya samo "carry"?

Ɗalibin aji uku: Jama'a, raina a ɓace yake. Malami ya kayar da ni, yanzu ga kariyoba a wuyana, wai don na rubuta direba ya yi "carry" ɗina zuwa tasha. Ya ce mutum ba buhu ba ne. Kalmar ma ai tamu ce, daga "kaya" Turawa suka sace ta!

Malamin firamare: Sata kuma, ƙanena? Tun ƙarni na 14 take bakin mutanen Ingila, sojojin Lugga kuwa sai 1903 suka ci Kano. Daga Faransancin Normandawa ta shigo, waɗanda suka ci Ingila a 1066, su kuma daga Latin "carrus", keken da dabba ke ja. Romawan ma, masu Latin ɗin, aro suka yi wurin mutanen Gaul, wato yankin Faransa a zamanin da. Tushenta ɗaya da "car" da "cargo".

Ɗalibin aji uku: To Malam, aron da ba a mayar ba, mene ne sunansa?

Hajiya mai atamfa: Ɗana, ai Bature kan ce mace na "carry" ɗin ciki, kuma a lissafi muna ajiye ɗaya mu ce "carry one". Ba buhu kaɗai ba ne.

Ɗan Fagge: Ku bar zancen Latin. Keken dabba mu karusa muke cewa, na turawa da hannu kuma kura.

Bakatsine: Kura a ina? Amalanke dai. Kanawa komai sai kun sa masa sunan dabba.

Ɗan Fagge: Amalanke Yarbanci ce, Alhaji. Kai ne ɓarawon kalma ashe.

Bakatsine: Wa kake kira ɓarawo? Janye!

Malamin firamare: Don Allah mu koma kan "carry".

Bakatsine: Sai ya janye tukuna. Masu ruwa na unguwarmu kaf amalanke suke cewa.

Ɗan Fagge: Je Kwari ka ce a kira maka mai amalanke, ka ga ko wani zai waiwayo.

Shugaban zaure: To, an rufe. Abin da aka cimma: kura ce Hausa tsantsa, amalanke baƙuwa ce, kuma ba wanda ya kawo hujjar da ta karya wannan. Zancen Malam na Latin mun ji, amma ba mu ga takarda ba. Alhaji, ka yi haƙuri, mu Kanawa ba ma janye gaskiya. Kai kuma mai kariyoba, je ka yi karatu.